Yadda Za Ka Karanci Zamanin Daular Sakkwato a Kwas Mai Haɗa Fannoni

Akwai wani irin kwas a jami'o'i da kwalejojin ilimi wanda ba mallakar sashe ɗaya ba ne. Sai a ɗauki zamani guda a ce za a yi zangon karatu a kansa: yau malamin tarihi ya shigo, mako mai zuwa na adabi, bayansa na Larabci da addinin Musulunci, wani lokaci har a gayyato masanin gine-gine ko na labarin ƙasa. Abin da yawancin ɗalibai ke yi shi ne su ware wa kowane malami littafin rubutu nasa, su haddace abin da ya faɗa, ranar jarrabawa su mayar masa da kayansa. A ƙarshe sai su fita da ƙananan kwasa-kwasai biyar ko shida da ba su san juna ba. Alhali ribar irin wannan karatu tana wurin da fannonin suka ci karo, inda waƙa ta faɗi abu, littafin matafiyi ya musanta, ginin masallaci kuma ya kawo zance na uku.

Zan bi da kai matakan da misalin zamanin Daular Sakkwato, daga 1804 zuwa 1903, domin shi ne zamanin da kayan aikinsa ke kusa da mu, kuma shi ne muka fi zaton mun riga mun sani.

Mataki na farko: kafa turakun shekaru a shafi ɗaya

Kafin lakca ta biyu, samu farar takarda ka jera shekarun da komai zai rataya a kansu. Kada su yi yawa. Haihuwar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta, 1754. Hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, da yaƙin Tafkin Kwatto a watan Yuni na shekarar. Faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, 1808. Kafa Sakkwato, 1809. Raba ragamar mulki tsakanin Muhammadu Bello a gabas da Abdullahi ɗan Fodiyo a yamma, 1812. Rasuwar Shehu, 1817. Rasuwar Bello a Wurno, 1837. Yaƙin Basasar Kano tsakanin Tukurawa da Yusufawa, wanda ya ɓarke a 1893. Shigar Turawa Kano a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, sannan kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a watan Yuli.

Da ka gama jerawa, sai ka tuhumi iyakokin. Wa ya ce zamanin ya fara a 1804? Shehu ya shafe kusan shekara 30 yana wa'azi da karantarwa kafin hijira, ya zauna da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo tun kafin Yunfa ya hau gado. Kuma 1903 ba ta rufe labarin ba: waɗanda suka tsira daga Burmi sun ci gaba da tafiya gabas, har Mai Wurno ɗan Attahiru ya kafa garin da ake kira da sunansa a bakin Shuɗin Nilu a Sudan, inda jikokinsu suke har yau. Malami mai kyau yana jin daɗin ɗalibin da ya lura cewa masana ne suka yanka zamani domin sauƙin aiki.

Wani ƙaramin abu da zai hutar da kai: mutanen zamanin da shekarar Hijira suke lissafi. Idan ka ga shekara a rubutunsu, ninka ta da 0.97 ka ƙara 622, za ka faɗo kusa da ta Miladiyya. Gwada da 1218, shekarar hijirar Shehu, za ka ga ta kai ka tsakanin 1803 da 1804.

Mataki na biyu: zana taswira da hannunka

Kada ka yi fotokofi, zana. Sa Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato, sa Gwandu, Kano, Katsina, Zariya, Bauchi, Gombe da Yola. Ja iyakar Fombina, wato masarautar Adamawa, har Garwa da Ngaundere a Kamaru ta yau, ja ɓangaren Gwandu har Sayi a Nijar da Dori a Burkina Faso, ka sauko Nufe da Ilori. Sannan da wani launin biro sa wuraren da ba su bi ba: Maraɗi inda sarautar Katsina ta Haɓe ta koma, Tsibiri ta Gobirawa, Argungu ta Kabawa, Abuja ta Zagezagi wadda yanzu ake kira Suleja, Damagaram, Ningi da Barno. Wannan launi na biyu shi ne zai riƙa tuna maka cewa daular ta rayu ne kewaye da maƙwabta masu kai hari, kuma daga nan ne za ka gane dalilin da ya sa Bello ya dage kan gina ribaɗi, wato garuruwan tsaro, a bakin iyaka har shi kansa ya tare a Wurno.

Mataki na uku: zaɓi abu ɗaya da za ka ja ta cikin kowane fanni

Wannan matakin ne ke raba wanda ya yi kwas ɗin da wanda ya halarci lakcoci kawai. A mako na biyu ko na uku, ɗauki tambaya ɗaya ƙarama, ko ma wani abu da ake riƙewa a hannu, ka shiga da shi kowace lakca. Ni a ganina abu ya fi tambaya, domin abu ba ya barin ka tsere zuwa manyan kalmomi.

Ɗauki turkuɗi, baƙin zanen nan mai sheƙi da ake yi a ƙasar Kano, musamman wajen Kura, wanda Buzaye ke naɗawa. Ka tambaye shi daga ina ya fito. Audugar a gonar wa aka noma ta, gandun gida ko rinjin bayi? Mata ne suka yi kaɗi, to matan kulle ne ko kuyangi, kuma kuɗin zaren a hannun wa yake ƙarewa? Masaƙa suka saƙa, marina suka tsoma shi cikin baba, masu bugu suka buge shi har ya yi ƙyalli, dillali ya haɗa mai kaya da bafatake, ayari ya ɗauka zuwa Agadas ko Barno. Sarki kuma ya karɓi kuɗin karofi a kan ramukan rini. Ka ga daga zane ɗaya ka taɓa tattalin arziki, matsayin mata, bauta, fiƙihun ciniki, haraji da hanyoyin sahara. Ranar da malamin addini ya zo yana bayanin abin da malaman jihadi suka ce game da haraji, kana da tambayar da za ka yi masa. Ranar da na adabi ya kawo waƙar da ke zargin masu son manyan riguna, ka san irin rigar da ake nufi da abin da ta ci kafin ta kai wuyan mai ita.

Idan tufafi bai ja hankalinka ba, goro ma zai yi: daga kurmin Asante zuwa kasuwar Salaga a ƙasar Gwanja, zuwa Kano a kan jakunan Agalawa, Tokarawa da Kambarin Barebari. Ko doki, ko takardar rubutu, ko gishirin Bilma.

Mataki na huɗu: karanta abin da mutanen zamanin suka rubuta, ka haɗa su faɗa

Nan ne za ka kashe mafi yawan lokacinka. Takardun lakca da littattafan masana na baya suna da amfani, kuma ya kamata ka san cewa littafin Murray Last a kan daular ya fito a 1967, na Yusufu Bala Usman a kan Katsina a 1981, domin muhawarar da malamanka ke yi ta ratsa ta cikinsu. Amma kwas ɗin yana son ka taɓa rubutun asali, ko da ta fassara ce. An fassara da yawa daga cikinsu zuwa Hausa da Ingilishi, saboda haka rashin Larabci ba uzuri ba ne, sai dai ka riƙa rubuta sunan mai fassarar, domin shi ma yana da hannu a abin da ka karanta.

Duk rubutun da ka ɗauka, yi masa tambaya huɗu a gefen shafi: wa ya rubuta, wa yake so ya karanta, yaushe, kuma me yake so mai karatun ya yarda da shi ko ya aikata.

Fara da Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, wanda ya kammala a 1812. Shi ne babban tushen labarin yaƙe-yaƙen, amma marubucin kwamanda ne a cikinsu, ɗan jagoran kuma, yana rubutu ne domin ya nuna cewa jihadin halattacce ne. Abin da ya sa littafin ya zama taska ga ɗalibi shi ne Bello ya kawo wasiƙun Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Barno, wanda ya ƙalubalance su cewa saɓon da ake gani a ƙasa bai mayar da mutanenta kafirai ba, balle ya halatta yaƙarsu. Karanta hujjar al-Kanemi da amsar Bello a zama ɗaya, ka rubuta kowace da kalmominka ba tare da ka yanke hukunci ba tukuna. Wannan aikin kaɗai ya haɗa maka tauhidi, siyasa da balaga.

Daga nan ka ɗauki Kitabul Farƙi, wanda ake danganta wa Shehu, inda aka jera halayen mulkin sarakunan Haɓe da ake ƙi, aka ambaci abubuwa da sunayensu na Hausa kamar jangali da gaisuwa. Riƙe wannan jerin, ka tafi Tazyinul Waraƙati na Abdullahi ɗan Fodiyo, na 1813. A ciki za ka tarar da mutumin da ya yi yaƙin da hannunsa yana kukan cewa jama'ar sun karkata ga dawakai, tufafi, ƙwaraƙwarai da neman sarauta. Ɓacin ran ya kai shi ga barin rundunar da niyyar tafiya Makka, mutanen Kano suka tsayar da shi, a nan ya rubuta musu Liya'ul Hukkami kan yadda ake mulki bisa shari'a. To tambayar da za ka kai aji ita ce: daga cikin abubuwan da aka soka kafin jihadi, wanne ya mutu, wanne ya dawo da sabon suna ko ma da tsohonsa? Jangali dai Turawa sun zo sun tarar da shi.

Wasu ɗalibai kan ji nauyin yin irin wannan tambaya, suna ganin kamar rashin ladabi ne ga bayin Allah. Ban ga haka ba. Malam Abdullahi ne ya fara yin ta, kuma a rubuce ya bar mana.

Sai matafiya. Hugh Clapperton ya gana da Bello a Sakkwato a 1824, ya sake dawowa ya rasu a can a 1827. Heinrich Barth, Bajamushen da ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta mazaunan birnin da kusan 30,000, adadin da ya ce yakan ninka a lokacin zuwan ayari. Ya bar bayani mai yawa kan kasuwa, farashi da tufafin Kano. Matafiyi yana rubuta abin da ɗan gari ba zai ɓata tawada a kansa ba, kamar kuɗin ƙwaryar hatsi ko yadda ake ƙirga wuri, domin a wurin ɗan gari wannan ba labari ba ne. Amma baƙo ne, yana kwana inda aka saukar da shi, yana jin abin da aka ga damar gaya masa, gwamnatin Ingila ce kuma ta ɗauki nauyin tafiyar domin tana neman hanyar ciniki. Lambobinsa ƙiyasi ne, haka za ka kira su a takardarka.

Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara a 1908, shi ma haka za ka yi masa. Ya tsaya ne a kan Sarkin Kano Muhammadu Bello na ƙarshen ƙarni na 19, abin da ke nuna maka lokacin da aka tattara shi a surar da muke da ita. Idan yana ba da labarin Bagauda ko Rumfa, tambayi kanka abin da fadar Kano ta wancan lokacin take so a tuna.

Mataki na biyar: ɗauki waƙa a matsayin shaida

A lakcar adabi za a koya maka karin waƙa, amsa-amo da tahamisi. Koyi su, amma kada ka tsaya nan. Tambayi dalilin da ya sa malaman da suka iya Larabci suka riƙa yin waƙa da Fulatanci da Hausa cikin ajami. Amsar tana cikin masu sauraro: Larabci na malamai ne, Fulatanci na dangi da makiyaya, Hausa kuma ta talakawan da aka ci da yaƙi da bayin da aka shigo da su, waɗanda ake so su san addini da dokar sabuwar daular. Harshen da aka zaɓa ma hujja ce.

Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ce mafi kyawun ƙofa. Ta yi waƙa da harsuna uku, ta mayar da wasu waƙoƙin mahaifinta zuwa Hausa, cikinsu har da Tabbat Haƙiƙa mai gargaɗin masu mulki da talakawa. Ta kafa tsarin 'yan taru, inda jaji, dattijuwar da aka naɗa wa malfa, take jagorantar mata daga ƙauyuka su zo su ɗauki karatu su koma su koyar. Lura da cewa malfa da jagorancin mata abubuwa ne da aka sani a wajen Innar Gobir, shugabar bori a fadar Gobir, da masu bori. Malamin addini zai kira wannan da'awa, masanin al'ada zai ce an ɗauki tsohuwar alama an ba ta sabon aiki. Rubuta duka biyun.

Idan aka ba ka hoton rubutun ajami, duba baitocin ƙarshe, nan mawaƙa kan ɓoye shekara cikin ramzi, wato kalmar da kowane harafinta ke wakiltar lamba. Ka yi hattara: lissafin haruffa na Magrib ake bi a ƙasar nan, inda harafin shinun yake 1,000. Wanda ya yi amfani da lissafin gabas, inda shinun yake 300, zai fito da shekarar da ba ta da ma'ana. Kuma ka karanta waƙar da murya, ko ka nemi wanda ya iya rera ta. An yi ta ne domin kunne.

Mataki na shida: fita daga aji

Ware rana ɗaya ko biyu a cikin zangon. Idan kana Zariya, je Masallacin Juma'a na cikin birni, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830. An lulluɓe shi da sabon gini daga baya, amma bakan gizon ciki na ƙasa da azara yana nan. Tsaya ƙarƙashinsa ka tambayi kanka mutum nawa suka kwaɓa ƙasar, wa ya ciyar da su, daga ina aka saro giginyar. Idan kana Kano, ga Gidan Makama, ga marinar Ƙofar Mata, ga Kasuwar Kurmi, ga abin da ya rage na badala. A Sakkwato akwai Hubbaren Shehu da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu. A Kaduna akwai Arewa House da gidan adana takardun tarihi na ƙasa. Ɗalibin Nijar yana da tarin rubuce-rubucen hannu na cibiyar binciken kimiyyar ɗan Adam ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. Wuraren adana takardu sukan nemi wasiƙa daga sashenku, sai ka karɓe ta tun da wuri.

Je da littafin rubutu, ka auna abin da za ka iya aunawa, ka nemi izini kafin ɗaukar hoto. Idan ka samu dattijo a marina ko a zauren wani gidan sarauta, gaishe shi yadda ya kamata, ka faɗi ko kai wane ne da abin da ya kawo ka. Kada ka ce masa "Baba, ba ni tarihin garin nan", zai ba ka wanda ake ba kowa. Ce masa, "Baba, wa ya koya wa mahaifinku wannan sana'a, kuma daga ina kakanninku suka zo?" Rubuta ranar hirar da wurin, kuma ka tambaye shi ko ya yarda a ambaci sunansa.

Mataki na bakwai: nemi waɗanda ba su bar rubutu ba

Kusan duk abin da ka karanta zuwa yanzu malamai da masu mulki ne suka rubuta. Bayi kuwa kaso ne babba na jama'ar daular, su ne a rinji, su ne a fada har wasunsu suka riƙe manyan muƙamai, wasu kuma suna biyan murgu ga iyayengijinsu domin su yi sana'ar kansu. Ba za ka ji muryarsu kai tsaye ba sai ka zagaya. Littafin Baba ta Karo, labarin rayuwar wata Bahaushiya da Mary Smith ta ɗauka daga bakinta a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, yana ba da hoton rinjin gidansu da fargabar mahara kafin zuwan Turawa. Imam Umaru, haifaffen Kano da ya zauna Salaga ya ƙare rayuwarsa a Kete-Krachi ta Ghana a 1934, ya rubuta bayanai da Hausa kan sana'o'i da zaman jama'a kamar yadda ya gan su. Tatsuniyoyi da labaran da Frank Edgar ya tattara daga hannun malamai ya buga tsakanin 1911 da 1913 su ma cike suke da alƙalai, bayi, fatake da kishiyoyi. Kirarin sarakunan Maraɗi da na Argungu kuma zai nuna maka yadda labarin yake a bakin waɗanda aka kora, inda wanda Sakkwato ke kira ɗan tawaye shi ne gwarzo.

Mataki na takwas: rubuta takardar ƙarshen zango

Koma kan abin da ka zaɓa a mataki na uku. Rubuta da'awarka a jimla ɗaya wadda wani zai iya musantawa. "Turkuɗi yana da muhimmanci a tarihin Kano" ba da'awa ba ce, babu mai gardama da ita. "Bunƙasar rini a ƙasar Kano bayan jihadi ta dogara ne da aikin bayi da na matan kulle fiye da yadda rubutun malamai ya nuna" da'awa ce, kuma dole ka kawo shaida.

Kada ka tsara takardar fanni bayan fanni, wato babin tarihi, babin adabi, babin addini. Tsara ta hujja bayan hujja, a ƙarƙashin kowace ka kawo shaida daga aƙalla wuri biyu mabambanta, misali abin da Barth ya gani a kasuwa da abin da dattijon marina ya gaya maka, ko baitin waƙa da hukuncin fiƙihu. Inda suka saɓa, faɗi cewa sun saɓa, ka bayyana wanda ka fi gaskatawa da dalilinka. Bambanta abin da tushe ya faɗa da abin da kai ka hango daga gare shi. Idan ka ɗauko baiti, kawo shi da harshensa na asali sannan fassarar.

Tunda malamai da yawa ne ke koyar da kwas ɗin, tambayi mai kula da shi tun farko wa zai duba takardar da irin salon ambaton madogara da yake so, domin na sashen tarihi da na sashen harsuna ba ɗaya ba ne. Ka gama rubutun farko mako biyu kafin ranar miƙawa, ka ba abokin karatu daga wani sashe ya karanta, ka ce ya sa alama duk inda ya ga ka faɗi abu ba tare da ka nuna inda ka samo shi ba.